Mai Gashin Tsintsiya da Irin Cittar Nelson

Kafanchan,
Farkon Maris

Zuwa ga 'yata Emilia,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kina lafiya, da aikin asibiti, da zafin Gwagwalada. Mu nan da sauƙi. Gwiwata ta hagu tana nan da halinta, maganin da kika aiko yana taimakawa in na tuna na sha. Maƙwabciyata Eucharia, uwar Collins, tana gaishe ki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali shekaranjiya muka yi waya. A waya ba na iya faɗa miki komai sai "lafiya lau", don kin san bangon gidan nan, ko tari na yi Azariya yana ji daga ɗakinsa. Shi ya sa na ba Jamiluddeen direba wannan ya kawo miki, tare da 'yar acca da busasshiyar kuɓewa.

Maganar ƙaninki ce. Tun da muka binne yayansa Nelson kafin Kirsimeti, Azariya bai koma daidai ba. Kin san shi ya ɗauko shi daga gonar citta ranar da macijin ya sare shi, ɗaure a bayansa da zani a kan babur, ko da suka isa asibiti aka ce ya riga ya cika a hanya. Daga ranar zuwa yau ban ga hawayen yaron nan ba. Ya bar buga ganga a coci. Abinci a tsaye yake ci, kamar mai jiran mota.

Abin da ya sa a gaba shi ne wani katun na mutanen Japan a wayarsa. Da ma fim ne yake bi daga farko zuwa ƙarshe, da na ce yana rage kewa. Amma kashi ɗaya ne tak yake ta maimaitawa. Na san shi da kunne: waƙa ta tashi kamar ana makoki, sai ƙarar takubba, sai shiru mai tsawo, sai wani ya kurma ihu, sai Azariya ya mayar da shi farko. Na haddace shi kamar Zabura, ban kuwa san ko kalma ɗaya ta yarensu ba. Sau ɗaya na leƙa, na ga wani saurayi mai gashi kamar tsintsiyar da aka juya sama, riƙe da takobin da ya fi ƙofar ɗakina tsawo.

Mama Caroline, shugabar Zumuntar Matanmu, ta ce irin waɗannan abubuwa ba sa rasa ruhohi, in ɗauke wayar in jefa a masai. Ni dai ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga kuma abin da ke hana ni sukuni. Irin cittar da Nelson ya zaɓa da hannunsa yana nan jibge a gindin mangwaron bayan gida, rufe da ciyawa. Kin tuna wahalar da ya sha bayan shekarar da cuta ta ƙone cittar mutane, har Gwantu ya je neman iri mai lafiya. In ruwa ya sauka ba a yanka an shuka ba, zai tsiro a banza ya ruɓe. Mutane sun zo neman in sayar musu, na ƙi. Abin da ya rage mini na hannun Nelson ke nan, kuma so nake ƙaninsa ya sa shi a ƙasa. Amma Azariya ko bayan gidan ba ya bi.

Ke da Azariya kuka ƙarar mini da man janareto kuna kallon irin waɗannan abubuwa lokacin da kike zaune a nan. Na sa Collins ya rubuta sunan fim ɗin da lambar kashin a bayan takardar nan. Ki kalla, ki faɗa mini gaskiya ko mene ne a ciki da ya riƙe mini ɗa.

Ubangiji ya tsare ki.

Taki,
Mama Hulda

Gwagwalada,
Tsakiyar Maris

Mamana,

Na gaishe ki da kyau, na gaida Azariya da Anti Eucharia. Ina lafiya, sai dai aiki da tsayuwa. Acca ta iso, kuɓewa kuma ta zube rabi a motar Jamiluddeen, ya ce in gaya miki laifin ledarki ne. Maganin gwiwa kuwa ba a shansa da tunawa, Mama, kullum ake sha.

Na kalla har sau biyu. Da farko ki kwantar da hankalinki, babu ruhohi a ciki, kada ki jefa wayar mutane a masai. Labarin wasu 'yan'uwa biyu ne masu gadin wata gada a kan dutse, wasu dodannin ƙarfe suna so su haye su cinye garin da ke ƙasa. Mai gashin tsintsiyar da kika gani shi ne ƙaramin. A wannan kashin ne aka kashe babban.

Tunda gaskiya kika nema, bari in fara da inda suka iya. Zanen ya yi kyau ƙwarai. Ruwan sama kamar ki miƙa hannu ki jiƙe, kuma in yaron ya riƙe takobi kina ganin yatsunsa suna rawa. Sun san lokacin da za su kashe kiɗa su bar mutum da shiru. Abin da ya fi burge ni shi ne sun bar namiji ya yi kuka. Ba ɗan hawaye ɗaya na ado ba, kuka na sosai har da majina, ga shi jarumin da ake tsoro. Yaushe rabon da ki ga an bar saurayi ya yi haka a wajenmu?

Inda suka gaza kuma ba kaɗan ba ne. Kafin ya kai sara ɗaya sai ya tuna yarintarsu, ya ɗaga takobin sai ya sake tunawa, har na fara jin tausayin dodon da ke tsaye yana jira. Shi ma dodon sai da ya yi wa'azin da ya fi na Fastonku tsawo. Kowane sara sai an kira sunansa da ihu, kamar masu tallan magani a tasha. Akwai yarinya ɗaya a cikin labarin, aikinta kawai ta dafe ƙirji ta kira sunansa. Jinin da yaron ya zubar kuwa, a matsayina na nas ina tabbatar miki ya isa a ƙara wa mutum huɗu. Akwai kuma wani wuri a tsakiya da ba zan rubuta ba, hannuna ba zai iya ba.

Amma babban abin da ya ɓata mini rai yana ƙarshe. Bayan an gama faɗan, yaron ya zauna shi kaɗai a bakin gada. Garin da ya ceta kaf, babu wanda ya hau ya ce masa sannu. Ba wanda ya kawo ko kunu. Shugabansu ne kawai ya zo ya tsaya a kansa ya ce ya tashi, yanzu shi ne mai gadi. Na ce a raina, mutanen nan ba su san makoki ba.

Sai kuma na tuna ranar jana'izar Nelson. Ke kina kan tabarma ana ta gaishe ki, mu mata muna gefenki. Azariya kuwa na gan shi yana kafa rumfa, yana jidar benci daga coci, yana cikin samarin da suka haƙa kabari, duk wanda ya wuce sai ya dafa shi ya ce ya daure, shi ne namijin gida yanzu. Haka muke yi, samari aiki suke yi a gidan mutuwa, ba a zaunar da su. Na yi ta tunani, Mama, wa ya gaida shi? Wanda ya yi rashi gaisuwa yake bukata.

Maganar iri kuma ki ɗan ƙara haƙuri, ruwa bai sauka ba tukuna.

'Yarki,
Emilia

Kafanchan,
Ƙarshen Maris

Emilia,

Ina gaisuwa. Gwiwa tana nan. Ba zan tsawaita da tambayar lafiya ba, don raina a ɓace yake, kuma ke ce sanadi.

Kin ce yaro gaisuwa yake bukata. Na karanta wurin har sau uku, na ga kin yi gaskiya, na ɗauki maganarki na kai wa Mama Caroline. Ta ce ai wannan aikinsu ne. Ranar Talata bayan taro sai ga Zumuntar Mata gaba ɗaya a gidana, da zanensu iri ɗaya, da tulunan kiɗa da caki, da kulolin abinci kamar yau aka yi mutuwar. Falo ya cika har baranda. Na shiga na jawo Azariya, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakiya aka zaunar da shi.

Da farko na ɗauka abin zai yi kyau. Kowace ta durƙusa ta ce masa sannu da haƙuri, yana amsawa kansa a ƙasa. Sai aka ɗauki waƙa, irin waƙoƙin da aka yi a bakin kabari. Na ga wuyan yaron ya sandare. Sai Mama Caroline ta ce a kawo wayar, ta ɗora a kan Littafi Mai Tsarki ta fara addu'a. Kin san addu'arta, ba ta barin komai ga sanin Ubangiji, sai ta ba shi labarin duka. Ta faɗi gonar, ta faɗi macijin, ta faɗi babur da zanin, ta tsauta wa ruhun Japan, mata suna amin. Ta rufe da cewa daga yau Azariya ne Nelson na gidan nan.

Bai jira an ce amin ta ƙarshe ba. Ya miƙe, ya ɗauki wayarsa daga kan Littafin, ya tsallake ƙafafun iyayensa mata ya fita. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. A bakin ƙofa ya juyo ya ce mini, "Mama, ni ba Nelson ba ne. Nelson na kawo muku, kun gani."

Tun ranar bai kwana a gida ba. Eucharia ce ta shigo washegari ta ce kada in tayar da hankali, yana kwana a shagon gyaran wayar Collins a bakin kasuwa. Ɗana, da uwarsa a raye, yana kwana a kan benci cikin matattun wayoyi. Garin neman gira na rasa ido. Da yana ɗakinsa ina jin ihun mutanen Japan, yanzu ko ihun nema nake ban samu ba.

Ran Juma'a kuma aka yi ruwan fari. Bai jiƙa ƙasa sosai ba, amma maƙwabta sun fara wasa wuƙaƙen yankan iri. Na tsaya daga nesa na kalli tarin da ke gindin mangwaro, ban iya matsawa ba.

Ke da kike da ilimin asibiti, haka ake yi wa mai ciwo? Kin zauna a Gwagwalada kin rubuta magana mai daɗi, ni na kwashi kunya a gaban mata. Kada ki kira ni a waya, ba zan ɗauka ba. In kina da abin faɗa ki rubuta, yadda zan iya ajiye shi in na gaji da ke.

Hulda

Gwagwalada,
Farkon Afrilu

Mamana,

Ina gaishe ki, ko da ba ki amsa ba. Ina fata gwiwa da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai zuciya.

Takardarki ta daɗe a hanya. Motar Jamiluddeen ta lalace a Keffi, ta yi kwanaki wajen makanike da takardar a ciki. Ni kuwa ina ta kiranki ba ki ɗauka, ban san laifina ba, har na fara tunanin ko kin faɗi ne. Sai da na kira Collins na ji labari. Ya ce Azariya yana ci, yana taya shi aiki, amma ba ya magana.

Da na karanta, na yi dariya na yi kuka a lokaci ɗaya. Mama, gaisuwa na ce, ban ce a kira taron gunduma ba. Amma ba zan wanke kaina ba. Na rubuta wa 'yar Zumunta kalmar gaisuwa, na san kuwa a wajenku gaisuwa da tulu da caki take tafiya. Su ma matan da zuciya ɗaya suka zo, abin da suka iya ke nan, kuma shi ya riƙe ki a watan Disamba. Sai dai abin da ya warkar da uwa ba lallai ya warkar da ɗa ba. Mutum ɗaya yake bukata, ba talatin ba, kuma kin san ko wace ce.

Na ce akwai wurin da ba zan rubuta ba. Na tsallake shi don in rage miki zafi, ashe shi ne kan maganar. Har yanzu ba zan rubuta ba, gani ya kori ji. Ki je wajen Anti Eucharia, Collins zai haɗa muku a talabijin ɗinta. Ki daure wa ihun da wa'azin dodon. In kika ji kiɗa ya tsaya, to, ki buɗe ido. Wurin nan ne Azariya yake komawa, ba wajen takobi ba.

In kin gama ki zage ni yadda kike so, amma ki ɗauki waya.

'Yarki da ba ta da wata uwa a Kafanchan sai ke,
Emilia

Kafanchan,
Makon Lahadin Dabino

'Yata Emilia,

Salama. Na huce, ba duka ba. Gwiwa ta yi sauƙi tunda na koma shan maganin kullum, kada ki ce kin faɗa.

Na kalla. Jiya bayan sujada muka zauna ni da Eucharia a falonta. Rubutun Turancin da ke ƙasa yana gudu fiye da idona, sai ita take karantawa tana juya mini da Hausarta ta 'yan layin dogo. Ko dodon ya yi magana sai ta ce, "Wannan mutum ta ce za ta kashe kowa," har na rasa wane ne mace wane ne namiji. Mun yi dariya sosai da farko. Gashin yaron nan ko ruwan sama bai kwantar da shi ba. Wa'azin dodon kuwa kin yi gaskiya, har na je na duba tukunya na dawo bai gama ba.

Sai kiɗa ya tsaya. Yayan yana kwance, ƙanin ya tsinko igiyar ƙararrawar gadar, ya ɗaure shi a bayansa ya fara gangarowa da shi gari. Ba a jin komai sai ruwa da takun ƙafarsa. Yana tafiya yana surutu, yana ce masa ya cika nauyi, yana ce masa rufin ɗakinsu na yoyo wa zai gyara. Hannun yayan yana lilo a gefe. Mu masu kallo mun sani, shi bai sani ba. Eucharia ta daina juyawa. Na ce ta ci gaba, ta ce, "Mama Nelson, wannan ba sai na faɗa ba."

Emilia, wata huɗu ina tunanin ɗana da ya mutu, ban taɓa tsayawa na yi tunanin hanyar nan daga gona zuwa asibiti ba, da wanda ya tuƙa babur ɗin.

Yanzu ki ji nawa hukuncin, don ban yarda da ke duka ba. Kin ce yawan tuna baya aibi ne. Ba aibi ba ne, wanda ya zana abin nan ya taɓa binne wani. Ni ma kafin in kai cokali ɗaya baki sai na tuna Nelson sau uku. Inda suka yi ƙarya shi ne faɗan ƙarshe, da yaron ya kurma ihu ya tashi ya tsaga dodo gida biyu saboda baƙin ciki. Baƙin ciki ba ya ba mutum ƙarfi, ƙwacewa yake yi. Ni ko tsintsiya ban iya ɗagawa ba. Kuma shi mai gashin nan ya yi sa'a, yana da wanda zai sara. Azariya wa zai sara? Macijin tun a ranar 'yan aiki suka kashe shi. Ina jin shi ya sa yake kaiwa wajen ihun sai ya koma baya, daga nan labarin ya daina zama nasa.

Da yamma na dama faten acca, na sa tsohon zanena na gida, na tafi shagon Collins ni kaɗai. Na zauna a benci har masu karɓar waya suka watse, Collins kuma ya tuna yana da aike. Azariya yana ta goge wata waya da ba ta bukatar guga. Na ce, "Sannu, Azariya. Sannu da rashin yayanka. Sannu da ɗauko shi."

Bai ɗago ba. Na tura masa kwanon, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya zauna ya ci. A zaune, Emilia. Na gaya masa na kalli abin nasa, ihu ya yi yawa amma tsakiyar gaskiya ce. Sai na tambaye shi me yake faɗa wa Nelson a hanya. Ya ajiye cokali. Ban matsa masa ba. Na ɗauki kwanona na ce ƙofa a buɗe take.

Bai dawo ba tukuna. An sake yin ruwa, mai ƙarfi wannan karon, kowa ya fita gona. Ban sani ba ko na gyara ko na ƙara ɓatawa. Ki sa mu a addu'a, gajeriya, ba irin ta Mama Caroline ba.

Taki,
Mama Hulda

Gwagwalada,
Laraba kafin Ista

Mamana,

Na gaishe ki, na gode Ubangiji da gwiwa, ban kuma ce na faɗa ba.

Na janye maganata a kan tuna baya. Na sake kallo da idonki, na ga ke ce da gaskiya. Maganar yarinyar da ba ta da aiki sai dafe ƙirji kuwa ina nan a kan bakana.

Ba ki ɓata komai ba. A asibiti in mai ciwo ya fara cin abinci a zaune, ba ma tsayawa a kansa muna tambaya, mukan ja labule mu ba shi wuri. Kada ki koma shagon, kada ki aika kowa. In irin ya lalace, ya lalace, Mama. Na san abin da yake a wurinki, amma citta ana sake samu.

Ban samu hutun Ista ba, ina aiki har Litinin. Ki ci nawa rabon naman.

'Yarki,
Emilia

Kafanchan,
Mako biyu bayan Ista

'Yata Emilia,

Almasihu ya tashi. Ina gaishe ki da aiki, Eucharia da Collins suna gaisuwa. Jikina duk ciwo yake, amma ciwon gona ne, ba na kuka da shi.

Na bi maganarki, ban koma ba, ban aika ba, ko da yake sau biyu na sa takalmi na cire. Ran Asabar kafin Ista da safe ina hura wuta sai na ji motsi a bayan gida. Na leƙa, sai ga Azariya a gindin mangwaro, sanye da takalman roba na Nelson, riƙe da doguwar gora. Yana ɗaga ciyawar kaɗan-kaɗan daga nesa, ya ɗaga ya ja baya, ya ɗaga ya ja baya. Zufa ta jiƙa masa riga tun rana ba ta yi zafi ba. Na koma ciki. Na ɗauko kujeru biyu da wuƙaƙe biyu da tsohon buhu na zauna.

Babu komai a ƙarƙashi sai ƙadangare ɗaya. Na ƙasan tarin ya ruɓe, mun zubar da kusan kwando biyu, amma sauran lafiya lau, duk ya fito da ido fari-fari. Muka fara yanka. Mun yi nisa kafin ya buɗe baki, kuma cittar yake kallo, ba ni ba.

Ya ce, "Faɗa nake masa, Mama. Na ce kada ya kuskura ya bar ni da cittar nan, ni ban iya yankan iri ba. Na ji kansa ya kwanta a kafaɗata, na ɗauka dariya yake yi. Na ci gaba da surutu har ƙofar asibiti."

Ya ce abin da ke cinsa ke nan. Da ya sani da addu'a ya yi masa, ko ya ce masa wani abin kirki, amma abin da yayansa ya tafi da shi a kunne shi ne mitar citta. Na ce masa Nelson ya tafi yana jin ɗumin bayan ƙaninsa da muryarsa, mutane da yawa ba su sami ko ɗaya ba. Na ce addu'a kuwa an yi masa har ta yi yawa, ka ji ta Mama Caroline.

Sai na duba abin da ke gabansa. Emilia, ɓarna. Wani yankin kamar ƙwayar gyaɗa, wani kamar tafin hannu, rabi babu ido ko ɗaya. Na ɗaga guda na ce ai gaskiya ka faɗa masa, ba ka iya ba, da Nelson ya ga wannan da ya kore ka daga gindin bishiyar. Ya fashe da dariya, dariyar ta juye. Ya kifa kai a cinyata da wuƙar a hannu, ya yi kuka irin na mai gashin tsintsiya, har da majinar. Na zare wuƙar na bar shi. Da ya gama na nuna masa yadda ake yi, kowane yanki da idonsa.

Mun shuka a makon da ya wuce. Ranar rufe gona da ciyawa ban gayyaci kowa ba, amma sai ga matan Zumunta a kan hanya, kowace da dami a ka, babu tulu babu caki. Mama Caroline ta sauke nata a gaban Azariya ta ce sannu da aiki, ta wuce, ba ta ƙara ko kalma ba. Na san yadda wannan ya yi mata wuya. Shi ya shiga gaba da gorarsa yana bubbuga kowane dami kafin a kwance.

Ban ce ya warke ba. Bai koma ganga ba tukuna, kuma wata rana yakan tashi shiru ya wuni shiru. Amma yana kwana a ɗakinsa, yana ci a zaune.

Jiya da rana ina tankaɗe a baranda sai na ji waƙar nan ta tashi daga ɗakinsa. Na bi ta da kunne yadda na saba, takubba, sai shirun, sai ihun. Na tsaya da rariya a hannu ina jiran ya mayar da shi farko. Sai na ji wani kiɗa da ban taɓa ji ba, da wasu muryoyi sababbi, abin yana ta tafiya gaba. Na ci gaba da tankaɗena.

In kin zo hutu ki taho da takalmin gona, akwai cire ciyawa.

Taki,
Mama Hulda